Muryar Cikin Kwano

A gidan Hajiya Rabi ake cajin waya a unguwarmu. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakar Ɗan Barto, wutar kuran, wato lantarki, da ke zuwa mana daga Najeriya ta zama sai an ga dama. Ita Hajiya ɗanta ya ɗora mata fano a kan rufin ɗaki, mai tara wuta daga rana, saboda haka da an idar da azahar sai mata su cika tsakar gidanta, kowace da wayarta da ɗan aikin hannunta. Yawancinsu ba su yi boko ba, don haka ba a rubuta musu saƙo, sai dai vokal, wato maganar da aka ɗauka da baki aka turo. Akwai wani kwanon silba da Hajiya ta ware. In vokal ya zo wanda ake son kowa ya ji, sai a jefa wayar a cikinsa, murya ta ƙara ƙarfi har ta kai zaure.

A waccan shekarar ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Mazan unguwar ba su jira kaka ba, don babu abin girba. Suka bi ɓarauniyar hanya a kan babura, suka tafi cin rani tun lokaci bai yi ba. Cha'ibu, mijin yayata Balki, yana cikinsu. Ya bar gonarsa ta hanyar Yauri kara a tsaye, ya koma teburin shayinsa a Kano. Ni kuwa, da ake kira Shekara, na gama jami'a a Damagaram, aiki bai samu ba, sai Inna ta ce in je in zauna da Yaya Balki in taya ta da yara. Ni ba mai magana cikin mutane ba ce. A gidan Hajiya wurina gindin bango ne, ina ɓare gyaɗa ina kallo.

Cha'ibu ne ya turo vokal ɗin. Ya haɗa da nasa ɗan gajere, ya ce Yaya ta saurara da kyau, ta kuma ba maƙwabta su ji, don abin amfani ne. Yaya da hannunta ta saka wayar a kwano.

Wani kiɗa mai sanyi ya fara tashi, sannan muryar mace, Hausarta ta Kano, a natse kamar mai karanta labarai. Ta ce ita likita ce. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi asibitin da take aiki ba. Ta ce kakanninmu ba su san sankarar mama ba, allurar hana ɗaukar ciki da ƙwayoyinta ne suka kawo ta. Ta ce duk macen da aka ga nononta ya yi ƙullutu ko ya fashe, a tambaye ta abin da ta sha a ɓoye. Daga ƙarshe ta karanto lambar waya, ta ce akwai maganin da ke wanke jiki ga wadda ta riga ta afka.

Aka yi ta salati. Wata ta ce dama ita ta faɗa, wata ta ce Allah ya raba mu da kayan Nasara. Can sai matar mai gyaran babur ta ce, a hankali kamar da gyaɗarta take magana: “To, Maryama fa?”

Maryama maƙwabciyarmu ce, bara ta rasu da wannan ciwon. Mijinta ya daɗe a Legas bai zo gida ba. Babu wadda ta ƙarasa maganar, amma kowa ta haɗa lissafinta a zuci: macen da mijinta ba ya gari, me za ta yi da maganin hana ciki? Hajiya ta ce Allah ya jiƙan Maryama, ya rufa mana asiri, ta faɗe shi da wata irin murya da ta fi zagi. Na dubi Yaya. Gyaɗa ɗaya ce a hannunta tun da aka fara vokal ɗin, ba ta ɓare ta ba.

Daga ranar na fara lura da ita. Ta daina daka, ta ce kafaɗarta ke ciwo. In za ta ɗauki autanta Idi sai ta karkata ta ɗauke shi da dama. Ta koma ɗaura zani can sama har hammata, ko a cikin ɗaki. Wanki ma sai ta ware rigunanta na ciki ta ce ita za ta yi da kanta.

Wata safiya bayan manyan yaran sun tafi makaranta, ta ce in duba mata wani abu a wayata, wata ƙawarta ce a Kance ta ji ƙullutu a nono, tana son sanin ko dole ne sai wadda ta sha maganin nan. Na ce mata wace ƙawa, ai ƙawayenta na Kance duk na san su. Ta tura ƙofa, ta kwance zanin.

A nonon hagu ne, ta wajen hammata. Da ta kama yatsana ta ɗora, na ji shi kamar gurjiya, da tauri, ba ya motsi. Fatar wurin ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Ta ce tun kafin maigida ya tafi take jin sa, a lokacin bai kai haka ba, ta ɗauka ragowar ruwan nono ne daga yayen Idi.

Na sayi mega, wato data, na zauna a kan turmi inda rezon waya ya fi kamawa, na yi ta karatu. Duk da Faransanci aka rubuta. Hotunan duk na fararen mata ne, ana cewa a lura in fatar ta yi ja. Na dubi yayata, na rasa ta ina ja zai fito a wannan fata. Wani shafin ya ce mace ta riƙa zuwa hoton nono a kai a kai, kamar injin yana bayan gidan kowa. Wani ya ce an fi samun ciwon ga waɗanda suka manyanta, ita kuwa Yaya ko arba'in ba ta kai ba. Amma a abu ɗaya duk suka haɗu: ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, a kai shi wurin likita ba tare da jira ba, kuma mata da yawa suna kamuwa ba tare da an san dalili ba.

Na fassara mata. Na ce mu tafi Damagaram, can ne akwai masu dubawa.

Ta mayar da zaninta ta ɗaure tam. Ta ce ita dai Allah ya sani, ko sau ɗaya ba ta taɓa shan ƙwayar nan ba, ba a taɓa yi mata allurar ba. Tunda ba ta sha ba, to nata ba wannan ciwon ba ne, zai baje da kansa, babu dalilin tafiya. Na ce in kuma shi ne fa? Ta ce in shi ne, to da wane baki za ta gaya wa mutumin da ya turo mata vokal ɗin da kansa? Za ta ce masa ya ba ta izinin zuwa Damagaram a duba mata me? Kafin motar ta wuce Kance, an gama yanke mata hukunci a tsakar gidan Hajiya.

“Shekara,” ta ce mini, “'ya'ya mata gare ni. Gara a ce uwarsu ta mutu da a ce uwarsu ta yi abin nan.”

Na juya maganarta a raina. In ba ciwon ba ne, zama a gida. In ciwon ne, zama a gida. Wata mata da ba mu san fuskarta ba, mai neman masu sayen maganinta, ta toshe wa yayata hanya ta kowane gefe. Ta sa ni na rantse ba zan gaya wa Inna ba.

Sai na ce a raina, tunda a kwano aka ɗaura abin, a kwano za a kwance shi. Da aka taru washegari aka sake saka vokal ɗin saboda wata baƙuwa da ba ta ji ba. Yana ƙarewa na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, wannan maganar ba gaskiya ba ce. Duk suka juyo. Hajiya ta yi dariya ta ce ashe Madam jami'a tana da harshe, ita ta ɗauka a makaranta aka karɓe shi aka ba ta takarda. Na ce likitan gaskiya yana faɗin sunansa da inda yake aiki, kuma ba ya ƙare magana da tallar magani. Na ce na karanta, ciwon yana kama wadda ta sha da wadda ba ta taɓa gani ba, yana kama matar malam, yana kama tsohuwa.

Hajiya ta ajiye carbinta. Ta ce ita tambaya ɗaya za ta yi mini, in ji tsoron Allah in ba ta amsa. A cikin abin da na karanta, an ambaci ƙwayar nan ko ba a ambata ba?

An ambata. A wani shafi, can ƙasa cikin jerin abubuwa masu yawa, an ce wasu magungunan suna iya ƙara haɗarin ɗan kaɗan. Na ce, “An ambata, amma…”

“To kun ji,” in ji Hajiya. “Har a takardar Nasaran.”

Babu wadda ta tsaya jin abin da ke bayan amma ɗin. Na yi ta ƙoƙarin bayani, cewa ɗan ƙari daban, a ce duk mai ciwon ta sha daban, amma hira ta riga ta koma kan tsadar masara. Matar mai gyaran babur ta miƙo mini wayarta ta ce in tura wa ƙanwarta vokal ɗin, tunda ni na iya latsawa. Na ce hannuna da ƙasa. Da muka koma gida, muna shiga zaure Yaya ta ce in daina, ina jawo mata ido.

Haka muka zauna. Ƙullutun yana girma, ina ganin yadda take cije leɓe in Idi ya faɗo mata a ƙirji. Ta fara shafa wani baƙin magani da ta ce na ciwon kafaɗa ne. Kullum azahar kuma sai ta ɗauki wayarta mu tafi gidan Hajiya, don rashin zuwa ma abin magana ne.

Ranar da maganar ta fashe, Hadiza ce ta shigo, babbar 'yar marigayiya Maryama, budurwa mai kunya da ke riƙe da ƙannenta tun rasuwar uwar. Ta gaida kowa a durƙushe, ta karɓi wayarta da ta bari a caji, ta fita. Ko labulen zaure bai gama komawa ba aka fara. Wata ta ce an ce masu neman aurenta sun ja baya. Wata ta ce ai dole, kowa yana duba uwa kafin ya ɗauki 'ya.

A unguwarmu Hajiya Rabi ce ke wankan gawar mata. Kowa ya san ƙa'idar aikin: abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya, da shi take shiga kabarinta. Shekara guda Hajiya ta riƙe na Maryama. Amma yanzu da likitar cikin kwano ta ba ta dalili, sai ta ga kamar faɗar ma wa'azi ne. Ta rage murya ta ce da ta kwance Maryama, tsummoki ta tarar an naɗe ƙirjin da su, sun manne da nama, sai da ta jiƙa su da ruwan ɗumi. Ta ce ashe turaren wutar da Maryama ke yawan yi ba na gayu ba ne, wari take rufewa. Ta kwatanta girman ramin da hannunta. Ta ce mace ba ta ɓoye ciwo haka sai in ta san abin da ta aikata.

Maryama ta ɓoye, ta sha azabarta ita kaɗai, ta mutu ba ta buɗe wa kowa ba, ga shi an buɗe ta a gaban masu ɓare gyaɗa. Ina neman abin da zan ce, sai na ji muryar Yaya.

“Hajiya, in na mutu ke za ki wanke ni?”

Hajiya ta yi murmushi ta ce wace irin magana ce wannan da rana tsaka, amma in Allah ya sa ta riga ta, wa zai yi in ba ita ba.

“To gara ki gani yanzu, tun ina da bakin ba ki amsa.”

Ta miƙe, ta ture tiren gyaɗar, ta ɗaga rigarta, ta sassauta zanin. A hasken rana abin ya fi yadda na gan shi a ɗaki muni. Kan nonon ya shige ciki, gefen ya kumbura yana sheƙi, ga baƙin maganin ya bushe a kai. Wata ta kau da kai. Hajiya ta ce ta rufe jikinta, akwai yara. Yaya ta ce yaran sun ji na Maryama, su ga nata. Ta ce a gidan nan aka yi mata lalle, a gabansu ta haifi 'ya'yanta duka, in akwai wadda ta taɓa ganin ta a layin masu karɓar ƙwaya, ko ta ga wani namiji a zaurenta, ta faɗa yanzu a gaban idonta. Ba ta ɗaga murya ba. Matar mai gyaran babur ta ce ai ba da ita ake ba. Yaya ta ce da Maryama ma ba a yi da ita ba sai da ta mutu.

Sannan ta cire wayarta daga caji, ta miƙo mini ta ce in nemo mata maigida in danna wurin magana. Na danna, na riƙe mata kusa da baki.

“Baban su Idi, ciwon da ka turo a ji, yana jikina, a hagu. Tun kana nan yake. Ban sha komai ba, ban yi komai ba, Allah ne shaidata. Gobe Shekara za ta raka ni Damagaram. Na gaya maka ne don kai ne miji.”

Na saki, saƙon ya tafi. Babu wadda ta ba da haƙuri. Muna fita na ga baƙuwar nan da aka taɓa sake saka wa vokal ɗin ta sa hannu a ƙarƙashin mayafinta tana taɓa nata ƙirjin.

Da safe muka kai yaran wurin Inna. Yaya ta gaya mata a tsaye, Inna ta zauna a bakin gado, ta kwance ɗan abin da ke bakin zaninta ta damƙa mini. Muka shiga mota a tasha. Bayan Kance gonaki ne fayau, karan da bai yi tsawo ba, awaki suna cin abin da ya rage. A kowane shinge sai an sauke mu an duba katin shaida. Yaya ta jingina kanta da gilashi, hannunta a ƙarƙashin hammata, duk ramin da motar ta faɗa sai ta runtse ido.

Muna zaune a benci a asibiti amsar Cha'ibu ta shigo. Yaya ta ce in kunna, in sa mata a kunne, ni ma in matso. Ana jin ƙarar kofuna a bayansa. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ta je a duba, zai turo abin da ya samu. Har na ɗauka ya gama. Sai ya ce, tunda ta je, ta ce wa likitan ya auna jininta, an ce in mace ta taɓa yin allurar ana gani, don hankalin kowa ya kwanta.

Yaya ta janye kunnenta. Ta ce, “Kin ji.” Daidai nan aka kira sunanta, ta bar mini wayar da mayafinta ta shiga.

Ban daɗe da zama ni kaɗai ba na ji kiɗan nan mai sanyi. Na ɗauka a kaina yake. Ashe daga ƙarshen bencin ne, wata dattijuwa da 'yarta, 'yar ta kunna mata tana cewa ta ji abin da take gaya mata tun a gida, su tashi su tafi kafin wani ya gan su a wannan layin. Dattijuwar ta matse gwiwar hannunta a ƙirjin dama, irin matsewar da na sani. Har ta fara neman takalminta da ƙafa.

Ban san lokacin da na isa gabansu ba. Na ce wa 'yar ta kashe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ni likita ce? Na ce a'a, amma ga likita can bayan ƙofar nan, yana da suna, yana da fuska, ita wannan ta cikin wayar ta tambaye ta nata sunan. Mutane suna ta kallona. Na ce wa dattijuwar, “Baba, ki zauna, ke ce ta gaba.” 'Yar ta ja tsaki, amma ta kashe. Dattijuwar ta bar takalmin inda yake.

Da Yaya ta fito fuskarta ta faɗa. Ta ce sun tsaga wurin kaɗan sun ɗebi nama za a auna, sun ce ta dawo, kada ta sake shafa komai. Likitan ya tambaye ta me ya sa sai yanzu, ta ce masa hidima ce ta yi yawa. Ya ce an yi jinkiri, amma akwai abin da za a iya yi in ba ta sake ɓacewa ba.

Na riƙe mata mayafin ta yafa. Na ce maganar jinin fa, ta yi wa likitan?

Ta ce ita nononta ta kawo a duba. In maigida yana da tambaya, ya san hanyar da ya bi ya tafi, ya biyo ta ya zo ya yi mata a tsakar gida, ga ta ga shi. Ta karɓi wayarta ta duba, wuta ta kusa ƙarewa. Ta ce in mun sauka in tuna mata, akwai mai caji a bakin tasha, daga yau can za mu riƙa kaiwa.